Zirin Haske a Hoton Taurari: Tarihin Share Sawun Tauraron Ɗan Adam

Hoton sama mai nisa, wato hoton gungun taurari da gajimaren gas da ƙura waɗanda ido ba ya iya gani, ba a ɗaukarsa a ƙiftawar ido. Hasken da ke isowa daga waɗannan wurare ɗan kaɗan ne ƙwarai, saboda haka sai an bar kyamara a buɗe tana tara shi na mintoci, wani lokaci na awoyi, madubin hangen nesa kuwa yana juyawa sannu a hankali yana bin taurari don kada juyawar duniya ta ja su su zama layi. Duk abin da ya gitta a cikin wannan lokaci sai ya bar sawu: jirgin sama, ko tauraro mai faɗowa, ko tauraron ɗan Adam da hasken rana ya buga. Sawun tauraron ɗan Adam ziri ne miƙaƙƙe da kan ratsa hoto daga wannan gefe zuwa wancan. A yau ana share shi ta hanyar ɗaukar hotuna da yawa na wuri guda, a ɗora su kan juna a kwamfuta, a watsar da duk abin da ya bayyana a hoto ɗaya bai bayyana a sauran ba. Dabarar ta girmi matsalar, domin ba don tauraron ɗan Adam aka ƙirƙiro ta ba.

A ranar 30 ga Satumba 1880 Henry Draper, wani likita a Amurka, ya ɗauki hoton gajimaren Orion na farko, bayan ya bar farantin gilashi mai shafen sinadari a buɗe na kusan minti 50. A 1883 Andrew Ainslie Common ya sake ɗaukarsa daga bayan gidansa a Ealing ta Landan, hoton ya fito da taurarin da ido bai taɓa gani ba ta cikin madubinsa. A 1888 Isaac Roberts ya ɗauki gungun taurarin Andromeda, siffarta mai murɗewa ta bayyana. Daga nan har kusan shekara ɗari, farantin gilashi shi ne jarin masu wannan sana'a. Faranti ɗaya, buɗewa ɗaya. Mai aikin yakan zauna cikin sanyin dare, ido a kan ƙaramin madubi, yana gyara saitin na'ura da hannu don tauraro guda ya tsaya cik a tsakiyar zare biyu da suka gitta juna. Abin da ya shiga farantin ya shiga ke nan, babu mai fitar da shi.

A wancan zamani ziri a kan faranti abin murna ne. A 1891 Max Wolf na Heidelberg ta Jamus ya gano dutsen sararin samaniya da aka sa wa suna Brucia ta wannan hanya: taurari sun fito ɗigo-ɗigo, shi kuwa dutsen, da yake yana tafiya, ya bar ɗan gajeren layi. Wolf ya gano irinsu fiye da 200 a rayuwarsa. Abin da ake gogewa a yau da abin da ake farauta a lokacin siffarsu ɗaya, kuma wannan ne tushen cikas ɗin da ake fama da shi har yanzu.

Tsakanin 1949 da 1958 cibiyar kallon taurari ta Palomar a Kalifoniya ta ɗauki hoton duk saman da ake iya gani daga wurin, da madubi mai faɗin inci 48. Mafi yawan farantan an ɗauke su kafin 4 ga Oktoba 1957, ranar da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, saboda haka suna cikin shaidu na ƙarshe na sama wadda hannun mutum bai taɓa ba. Shi Sputnik ƙwallo ne mai faɗin santimita 58 kacal, abin da jama'a suka fi gani da ido kuwa gangar rokar da ta kai shi ce. Masana taurari ba su ɗauke shi abokin gaba ba. Cibiyar Smithsonian ta girke kyamarorin Baker-Nunn guda 12 a sassan duniya don kama sawun taurarin ɗan Adam da gangan, domin daga sawun ake lissafa falakinsu, daga falakin kuma a san siffar duniya da kaurin iskar da ke can sama. A watan Agusta 1960 Amurka ta harba Echo 1, balan-balan mai shafen ƙarfe da faɗinsa ya kai mita 30, wanda yake haskawa kamar manyan taurari. Ƙorafi na gaske ya taso ne a kan shirin West Ford na sojan Amurka, wanda a 1963 ya watsa ƙananan alluran tagulla kimanin miliyan 480 a sararin samaniya don gwajin sadarwa. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta nuna adawa tun a taronta na 1961, kafin a kai ga watsa su.

Muddin ana aiki da faranti, maganin ziri bai wuce uku ba: a sake ɗaukar hoton a wani dare, ko a shafe layin da burushi a kan takardar da aka wanke, ko a haƙura a rubuta a littafin aiki cewa farantin yana da tabo. David Malin na cibiyar Anglo-Australian ya shahara a shekarun 1970 da 1980 wajen haɗa farantai da yawa a ɗakin wanke hoto don fito da abubuwa masu raunin haske. Haɗawar takan rage ƙarfin ziri, amma ba ta kawar da shi, domin faranti ba ya iya tantance abin da zai karɓa da wanda zai ƙi.

Ƙa'idar tantancewar tana nan a littattafan lissafi tun da daɗewa, kuma masana taurari ne suka fara rubuta ta. Idan mutum ya auna matsayin tauraro sau goma, tara suka yi kusa da juna, ɗaya ya yi nisa, shin ya halatta a jefar da na goman? A 1852 Benjamin Peirce na Harvard ya ba da ƙa'idar lissafi ta yin haka, a 1863 kuma William Chauvenet ya kawo wata mai sauƙi. George Airy, babban masanin taurari na masarautar Ingila, ya ƙi amincewa, yana ganin ba a yar da awo don kawai ya saɓa wa 'yan'uwansa, sai in an san dalilin ɓacinsa. Gardamar tasu tana da nauyi, kuma ba ta mutu ba. Abin da ya rage shi ne a sami hanyar mayar da hoto ya zama lambobi.

Wannan ya samu ne bayan 1969, shekarar da Willard Boyle da George Smith na Bell Labs suka ƙirƙiro CCD, ɗan allon silikon mai mayar da haske lantarki. Aikin ya jawo musu lambar Nobel a 2009. Faranti yakan yi amfani da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na hasken da ya faɗo masa, CCD kuwa yana kama fiye da rabi. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara ɗora shi a kan madubai, kafin ƙarshen shekarun 1980 ya mamaye manyan cibiyoyi. Sai dai ya zo da tasa cutar. Ƙwayoyin zarra masu tsananin gudu da ke zuwa daga sararin samaniya suna bugun allon, kowace ta bar farin ɗigo ko ɗan tsinke mai kama da tauraro. Maganin da aka samo shi ne a raba buɗewa ɗaya doguwa zuwa gajeru da yawa, tunda da wuya ƙwaya ta bugi wuri guda sau biyu. Manhajar IRAF, wadda aka rubuta a Tucson ta Arizona a shekarun 1980, ta sa wannan ya zama aikin yau da gobe. Madubin Hubble, da yake yana sama da iskar da ke kare duniya, ya fi madubai na ƙasa shan wannan bugu. Shahararren hotonsa mai zurfi na Disamba 1995 an haɗa shi ne daga hotuna 342 da aka ɗauka cikin kwana goma, ya fito da gungun taurari kusan 3,000 a ɗan wurin da ake ganin babu kome. Andrew Fruchter da Richard Hook suka tsara hanyar haɗa su. Tauraron ɗan Adam ya faɗa tarkon da aka ɗana wa wani ne: shi ma yana bayyana a hoto ɗaya, ya ɓace a na gaba.

Yadda aikin yake tafiya ya fi fitowa idan an dubi ɗigo ɗaya tak na hoto. Da farko ana daidaita hotunan don kowane tauraro ya hau kan kansa, sannan a daidaita haskensu, domin sama ba ta zama da duhu iri ɗaya daga farkon dare zuwa ƙarshensa. A ce an ɗauki hotuna goma, ɗigon kuma ya ba da waɗannan lambobi: 101, 98, 103, 99, 100, 102, 97, 100, 940, 101. A hoto na tara ne tauraron ɗan Adam ya wuce. In aka tara su aka raba goma, za a sami 184, kusan ninki biyu na gaskiya, zirin zai fito a hoton ƙarshe, ya dushe amma yana nan. In aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, za a sami 100 da rabi, ziri ya tafi. Amma ɗaukar na tsakiya yana da tsada. Ribar tara hotuna ita ce rage hayaniya, wato ɗige-ɗigen da ke sa hoto ya yi kamar an barbaɗa masa yashi: hotuna huɗu suna rage ta da rabi, goma sha shida su mayar da ita kashi ɗaya cikin huɗu. Lambar tsakiya tana barin hayaniya da ta fi ta matsakaici da kimanin kashi 25 cikin ɗari, abin da ke nufin asarar sama da kashi ɗaya cikin uku na daren da aka kwana ana aiki. Don haka aka haɗa biyun: a auna yadda lambobin suka warwatsu, awon da ake kira sigma, a yar da duk wadda ta yi nisa fiye da sigma biyu da rabi ko uku, a ɗauki matsakaicin ragowar. Taran da suka rage a nan suna ba da 100.

Akwai rami a cikin wannan lissafi. Ita 940 ɗin tana cikin lambobin da aka auna sigma da su, ta kumbura shi ya kai wajen 266. Sigma uku sun zama 798, nisanta daga matsakaici kuwa 756 ne, saboda haka ta tsira. Hasali ma, a cikin lambobi goma, guda ɗaya ba za ta taɓa yin nisan sigma uku daga matsakaici ba, kome girmanta. Wannan ne ya sa masu hotuna kaɗan suke ganin zirin ya ƙi fita duk da sun bi ƙa'ida. An toshe ramin da dabarar da ke ɗauke da sunan Charles Winsor, masanin ƙididdiga Ba'amurke: kafin a auna sigma, sai a janyo lambobin da suka yi nisa a ajiye su a bakin iyaka, don kada su ɓata ma'aunin da za a auna su da shi.

Masu ɗaukar hoton taurari don sha'awa sun shigo wannan fage a shekarun 1990, da ƙananan kyamarorin CCD suka fara araha, suka kuma yawaita bayan 2000 da zuwan kyamarorin dijital na kasuwa. Manhajoji irin su Iris na Christian Buil, da DeepSkyStacker na Luc Coiffier, da PixInsight daga Sifaniya, da Siril, sun kai wa mai ƙaramin madubi a tsakar gida lissafin da a da sai manyan cibiyoyi. Salon aikin ma ya sauya. Maimakon buɗewa ɗaya ta awa guda, sai hotuna sittin ko ɗari na minti biyu zuwa biyar, ana ɗan gusar da madubin tsakanin hoto da hoto don kada lalatattun ɗigon kyamara su riƙa faɗawa wuri ɗaya. A wancan lokaci tauraron ɗan Adam baƙo ne na jefi-jefi. Waɗanda suka fi suna su ne na kamfanin Iridium, da aka fara harbawa a 1997, masu eriya kamar madubi da kan walƙa na 'yan daƙiƙoƙi fiye da kowane tauraro. Ana sanin lokacin walƙiyar tun kafin ta zo, har mutane suna fita don kallonta.

Tun a lokacin an san inda dabarar take gazawa. Ziri mai ƙarfi yana da inuwar haske a gefunansa, wadda ba ta kai a yar da ita ba amma ta isa ta bar dishi-dishi, har sai da aka ƙaro matakin faɗaɗa wurin da aka yanke. Sai kuma taurarin da ke tsaye a kan wuri guda, a nisan kilomita 35,786 sama da tsakiyar duniya, irin waɗanda ake saita musu farantin talabijin. Su ba sa motsi a sama, amma madubin yana bin taurari, don haka suna jan layi, kuma da yake a jere suke, ɗaya na wucewa wani na biye a kan layi guda, hoto bayan hoto. Abin da ya maimaitu ba ya zama bare a idon lissafi. Daga kudancin ƙasar Amurka da kudancin Turai wannan jeri yana ratsa gajimaren Orion ko gab da shi, wurin da kowane sabon shiga yake fara ɗauka. Daga Kano ko Damagaram jerin yana hawowa sama kaɗan, kusa da taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar Orion. Ga irin wannan an koma ga neman layin kansa: hanyar da Paul Hough ya yi wa rajista a 1962 don gano miƙaƙƙun layuka a hotunan gwajin zarra, yanzu da ita da danginta ake gano ziri a rufe shi tun kafin a tara hotuna.

A ƙarshen watan Mayu 2019 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 60 a tashi ɗaya. Washegari Marco Langbroek ya ɗauki bidiyonsu daga Leiden ta Holand suna tafe a jere kamar taragun jirgin ƙasa. A daren 25 ga Mayu wani hoto daga cibiyar Lowell a Arizona ya fito da zirara fiye da 25. A ranar 18 ga Nuwamba 2019, hoto guda na daƙiƙa 333 da babban madubin Blanco mai mita huɗu ya ɗauka a Cerro Tololo ta Chile ya fito da 19. Kafin wannan shekara taurarin ɗan Adam masu aiki ba su wuce kimanin 2,000 ba, a 2025 kuwa sun haura 10,000, fiye da rabinsu na Starlink. Yawancin na Starlink suna nisan 'yan ɗaruruwan kilomita, suna zagaya duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi, an fi ganinsu bayan magariba da gabanin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana tana haska su a can sama. Amfaninsu ba abin musu ba ne: suna kai intanet inda waya ba ta kai ba, kuma Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka fara wannan hidima, a Janairu 2023. Kamfanin ya gwada baƙin shafe a Janairu 2020, ya gwada rumfar kare rana a tsakiyar shekarar, hasken ya ragu amma bai ɓace wa kyamara ba.

Ga mai neman kyakkyawan hoto, tsohuwar dabarar tana nan tana aiki. In yana da hotuna ɗari, ko da talatin suna da ziri, da wuya biyu su bi ta kan ɗigo ɗaya, kuma abin da ake yarwa ɗigon ne, ba hoton duka ba. Wani bincike da aka yi da kyamarar ZTF, wadda aka ɗora a kan tsohon madubin nan na Palomar mai inci 48, ya ƙirga zirara 5,301 na Starlink daga Nuwamba 2019 zuwa Satumba 2021. Hotunan magariba da asuba da abin ya shafa sun tashi daga ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari zuwa kashi 18, amma kowane ziri bai ci ko kashi ɗaya cikin dubu na ɗigon hoto ba. Hubble ma bai tsira ba: binciken da aka buga a 2023 ya sami ziri a kashi 2.7 cikin ɗari na hotunansa na 2002 zuwa 2021, adadin kuma yana hawa.

Inda abin yake da zafi shi ne wurin da Airy ya nuna tun ƙarni na 19. Lissafin ba ya tambayar mene ne ya wuce. Duk abin da ya zo sau ɗaya ya tafi, a wurinsa kuskure ne. Yana share tauraron ɗan Adam, yana share tauraro mai faɗowa, yana share dutsen da Wolf zai yi murnar gani. Mai farautar abubuwan da ke motsi ko masu walƙiya su mutu ba shi da hotuna ɗari da zai kwatanta, sau da yawa hoto ɗaya ne shaidarsa. A Disamba 2020 wasu masana suka ba da rahoton walƙiya daga GN-z11, ɗaya daga cikin gungun taurari mafiya nisa da aka sani, suna zaton fashewar tauraro ce a farkon zamanin halitta. A 2021 wata tawaga ta nuna cewa gangar wata rokar Rasha ta gitta daidai wurin a daidai lokacin. Duwatsun da ke tunkarar duniya daga ɓangaren rana, irin wanda ya fashe a saman Chelyabinsk a Fabrairu 2013 ya jikkata mutane fiye da dubu, ba a iya nemansu sai a magariba da asuba, lokacin da taurarin ɗan Adam suka fi yawa. Akwai kuma hasken da babu lissafin da zai cire shi: wani ƙiyasi na 2021 ya nuna cewa tarin abubuwan da ke kewaya duniya, har da tarkacen da ba a gani ɗaya-ɗaya, ya ƙara wa saman dare haske da kimanin kashi goma cikin ɗari. Wannan yana cikin kowane hoto, don haka ba ya saɓa wa kowa.

Cibiyar Vera C. Rubin da ke kan dutsen Cerro Pachón a Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yuni 2025, tana da madubi mai mita 8.4 da kyamara mai ɗigo biliyan 3.2, kowane hoto yana cin filin da ya fi girman cikakken wata sau 40. Cikin shekara goma za ta ziyarci kowane yanki na saman kudu sau ɗaruruwa. A hotunan da za a tara, za a gano zirara a rufe su. A aikin kowane dare kuwa, inda ake kwatanta sabon hoto da tsoho a aika sanarwa cikin mintoci, sai an san falakin kowane tauraro daidai don a bambanta walƙiyarsa da ta sama. Ziri mai tsananin haske yana kuma zubowa cikin sauran sassan lantarkin kyamarar, ya bar inuwar layuka a inda bai bi ba. Shi ya sa masana suka nemi kamfanoni su rage hasken taurarinsu zuwa mataki na bakwai a ma'aunin hasken taurari, wato ƙasa da abin da ido ke gani, su kuma riƙa bayyana falakinsu. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kafa cibiya ta musamman don wannan a 2022, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sararin samaniya kuma ya sanya batun a jadawalin tattaunawarsa na shekara biyar daga 2025.